Kallon Ƙeya

Shekarar da na gama jami'a aka tura ni Buza in koyar a wata makaranta. Ban san kowa ba a garin, kuma in an tashi daga aji ba ni da abin yi sai yawo a gindin duwatsu da waya a hannu, ina ɗaukar duk abin da ya tsaya mini a ido, musamman rumbunan laka da jakuna masu dawowa daga rijiya. Wani abokin aikina ya ga haka, ya sa lambata a wani zaure na waya inda masu sha'awar hoto na yankinmu suke taruwa. Akwai mutanen Madawa da na Keita, akwai na Urno da Babankatami, akwai kuma ƴan ƙasarmu da biɗa, wato neman kuɗi, ta kai nesa, waɗanda suke leƙowa don su ga gida kawai.

Mai zauren dattijo ne da ya daɗe yana riƙe da shagon hoto kusa da tashar Madawa, tun zamanin da ake wanke hoto a ɗaki mai duhu. Baba muke ce masa. Yana da ƙa'idar da ba ya sassautawa: ba a tarbar baƙo da gyara. Hoton farko da mutum ya turo, komai muninsa, sai kowa ya nemi abu guda mai kyau a cikinsa ya faɗa. Yakan ce, “Baƙo ruwa aka ba shi, ba bulala ba.” In an zo gyara kuma, wanda ya nuna aibi dole ya faɗi yadda za a kauce masa, in ba haka ba ya yi shiru. Da yake yawancin mutanen zauren saƙon murya suke turowa, ni kuwa na fi son rubutu, sai Baba ya ɗora mini yi wa sababbin shiga maraba da tattara musu shawarwarin da aka bayar wuri guda.

Bayan kaka, lokacin dashen albasa, aka shigo da wani mutum daga Tama. Bai jira na yi masa maraba ba ya turo murya, ana jin ƙarar injin ban ruwa a bayansa.

“Salamu alaikum, mutanen zaure. Ni ba mai hoto ba na, manomin albasa na. Abu guda yak kawo ni. So nika yi ku koya mani in ɗauki uwata hoto wanda huskarta za ta hito. Ta tsuhwa, jikin kau ba shi da daɗi, ni kuma in an kwashe albasa za ni tahiya biɗa arewa. Ban da hotonta ko guda.”

Sai ya biyo da hotonsa na farko. Wata tsohuwa ce zaune a tabarma gefen rumbu, can nesa, ta ba mu baya, tana tsince ganyen zogale a faifai. Yatsansa ya rufe kusurwa ɗaya, kan akuya ya leƙo ta ɗayar. Baba ya yaba inuwar rumbun, ya ce ta faɗo inda ya kamata. Wata ungozoma da ke aiki a Keita, wadda muke kira Madam, ta yaba launin zanen tsohuwar. Akwai wani mai kabu-kabu daga Urno da ba ya iya barin magana ta wuce shi, shi kuma ya ce, “Akuyar ga ta hito da kyau, Allah shi bar maka ita.” Mai albasa ya yi dariya, ya ce amin. Na rubuta masa maraba, na gaya masa cewa duk wanda yake zauren da irin wannan hoton ya fara.

Daga hoto na biyu aka shiga gyara. Baba ya ce ya riƙa goge idon wayar da bakin rigarsa, domin hannun mai garka ba ya rabuwa da laka. Wani ya ce ya sa rana a bayansa, kada ya fuskance ta. Madam ta ce in zai ɗauki wanda ke zaune, ya durƙusa su daidaita, kada ya tsaya masa a ka kamar mai karɓar haraji. Ni kuma na tattara duka na karanta masa da murya, saboda na lura karatun boko yana yi masa nauyi. Ban taɓa ganin wanda ya ɗauki gyara da gaske irinsa ba. Kafin albasa ta yi ganye sosai ya iya ɗaukar fangalin garkarsa da hasken safiya a kan ruwa, ya ɗauki ƴarsa tana shan rake, ya ɗauki maƙwabcinsa yana jan guga har ana ganin jijiyoyin hannunsa. Baba da kansa ya ce hoton mai gugan zai iya rataya shi a shago.

Amma duk hoton tsohuwar da ya turo, baya ne. Wani lokaci gefe ne, da mayafi a ja har kan hanci. Muka yi ta ce masa ya matsa kusa, ya zagayo ta gaba, ya yi mata magana ta ɗago. Yakan ce to, ya gode, washegari kuma ya turo wani bayan. Ran nan mai kabu-kabu ya gaji.

“Kai mai albasa, wai uwar taka ƙeya ɗai gare ta? Ka ce mata ta juyo mana! Ko tsoronta kaka ji?”

Da amsar ta zo, gajeriya ce, kuma babu ƙarar inji a bayanta.

“Ni na ɗanta na hwari.”

Babu wanda ya nemi ƙarin bayani, domin dukanmu mun san kunyar ɗan fari. Sai dai a gidajen da yawancinmu muka tashi ta riga ta yi sauƙi, ta tsaya ga ƙin faɗin suna. A gidansu kuwa tana nan yadda kakanni suka bar ta. Daga baya ya ba mu labari da kaɗan-kaɗan. Ana yaye shi aka miƙa shi ga kakarsa, a ɗakinta ya girma. Mahaifiyarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba, “ɗan tsohuwa” take cewa in ta kama dole. In ya shigo gaishe ta da safe, tana jin takunsa take juyawa ga bango, bangon take amsa wa gaisuwar. In ta dama fura mai kyau, ƙanwarsa take ba ta kai masa, ta ce ragowa ce. Ya haura shekara talatin, yana da mata da ƴaƴa, amma bai taɓa ganin idanunta biyu a kansa ba.

Mai kabu-kabu ya turo murya a sanyaye, abin da ba mu saba ji daga gare shi ba. “Ka yahe mani, ɗan'uwa. Bakina ya hi babur ɗina gudu.”

Daga nan shawarwarin suka sake kama. Na ce ya ba ƙanwarsa wayar ta ɗauko masa, tunda ita ba a jin kunyarta. Ya gwada. Tsohuwar tana ganin wayar ta gane ta, ta ja mayafi ta ce, “Wagga ta ɗan tsohuwa ta, kai mashi abinshi.” Mai kabu-kabu ya ce ya laɓe bayan darni ya ɗauke ta ta kafar kara lokacin da take hira da mata. Baba ya ƙi. Ya ce shi duk tsawon aikinsa bai taɓa ɗaukar mutum a laɓe ba, kuma ba zai koya wa ɗa ya yi wa uwarsa leƙe ba. Wani ya ce a nemi limamin unguwa ya roƙe ta. Mai albasa ya ce in an yi haka za ta zauna don girman liman, amma kanta zai kasance a ƙasa, kuma ya sa ta cikin kunyar da ba za ta manta ba. Albasa kuwa ta fara kwantar da ganye, alamar kwasa ta kusa.

Madam ba ta cika magana mai tsawo ba, saboda aikinta ba ya barin ta. Wata rana da hantsi ta turo murya mai tsawo.

“Ɗana, saurara ka ji. Ni ma ina da na hwari, kuma ni ma ban hwaɗin sunanshi, dut da karatun da niy yi. Kana tsammanin ba mu kallonku? Muna kallonku. In kun juya baya muka kallo. Na san ƙeyar ɗana hiye da yadda nis san tahin hannuna. Ranar da za ka tahi, in ka yi mata bankwana ta amsa ma bango, ka hita abinka. Wallahi ba ka kai bakin hanya ba sai ta taso ta tsaya ƙohwar gida. To wayarka ba ta da ido na gaba, wanda samari ka ɗaukar kansu da shi? Ka ɗaga ta awa mai dibin lokaci. Kak ka waiwaya.”

Baba ya ce, “Madam, wanga ba shi na laɓen da nih hana ba?”

Ta ce, “A'a, Baba. Kallon nashi na. Shekara da shekaru ana zuba mashi shi ga ƙeya. In ya karɓi abinshi sau guda, wa yac cuta?”

Muka ɗauka Baba ya ji haushi. Sai ga shi ya dawo da tambaya: ƙofar gidan ina take kallo? Mai albasa ya ce gabas. Baba ya ce madalla, to ya fita bayan rana ta ɗan ɗaga, hasken zai sauka a fuskarta, shi kuma kada ya damu in tasa fuskar ba ta fito ba. Daga ranar zauren ya zama kamar makarantar mutum ɗaya. Mai albasa yakan tsayar da matarsa a ƙofar gida lokacin da tsohuwar take ɗaki, ya yi tafiyarsa, ya ɗaga waya, ya turo mana abin da ya samu. Da fari kansa ne ya cika hoton. Aka ce ya kawar da wayar gefen kafaɗa. Sai matar ta fito ƙarama kamar tsinke, aka ce ya rage nisa, ya ɗauka tun yana wajen turken jaki. Sai hoton ya yi ta girgiza, Baba ya ce ya tsaya cak kamar wanda ƙaya ta soka, ya riƙe numfashi, ya danna sau da yawa. Mai kabu-kabu ya ce, “Matar ga taka ta gaji da tsayuwa, ka sai mata ɗan kunne in ka dawo.” Na tattara masa matakan, na karanta masa su a jere, ya ce ya haddace su kamar karatun allo.

Aka kwashe albasa, zafi ya shigo. Wata safiya ina cikin aji na ji wayata tana motsi a aljihu ba ƙaƙƙautawa. Da aka fita hutu na duba. Mai albasa ya turo hoton daga tashar Madawa, yana jiran motar arewa.

Hoton a karkace yake. Kunnensa da gefen rawaninsa sun cinye kashi ɗaya cikin uku, kuma sun yi dishi-dishi. Amma a bayan kafaɗarsa, a ƙofar darni, ga tsohuwar tsaye. Hannunta ɗaya yana riƙe da itacen ƙofar, ɗayan ya saki mayafin, ya zame mata har wuya. Rana ta sauka a kanta sosai. Doguwar fuska gare ta, da tsage a kumatu, bakinta a ɗan buɗe. Idanunta biyu suna kansa.

Ƙarƙashin hoton ya ce, “Ga shi. Ku yi gyara.”

Baba ya amsa masa da gaskiya, yadda ya saba. Ya ce hoton ya karkace, kuma kunnen ya yi yawa, in da a shago ne da ya yanke shi. “Amma kak ka yanke komi. In ka cire kunnen, ba a sanin wa taka kallo.” Madam kuwa kalma biyu ta rubuta, ta ce ta gani. Mai kabu-kabu ya ce ya tsayar da babur gefen hanya, fasinja yana ta yi masa faɗa.

Kafin motarsu ta tashi ya sake turo murya. Ya gode wa kowa, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. Sa'an nan ya roƙi alfarma. Ya ce ita ba ta san ya gani ba, kuma ba zai so fuskar da ta ɓoye masa tsawon rayuwarsa ta riƙa yawo a wayoyin mutanen da ba ta sani ba. Tunda mun gani, mu goge. Baba ya ce wannan haƙƙinsa ne, ya cire hoton daga zauren, ya ce duk wanda ya riga ya sauke shi a wayarsa ya goge, amana ce. Kowa ya riƙa shigowa yana cewa ya goge. Ni ma na daɗe ina kallonsa a inuwar bishiyar bedin makaranta, sa'an nan na goge.

Watannin farko yana leƙowa. Ya turo hoton bulo da aka jera a wurin ginin da yake aiki, da na butar shayi a kan gawayi, da na wani titi mai faɗi wanda babu kowa a kansa. Muna yi masa gyara yana godiya. Ya ce kullum in ya tashi daga aiki sai ya buɗe hoton nan. Da damina ta kankama sai muka daina jinsa. Na aika masa gaisuwa ba ta shiga ba. Muka ce ko wurin da yake babu rezo ne, wato waya ba ta kamawa.

Gero yana fitar da kai wani ɗan Tama da ke zauren ya sanar da mu cewa tsohuwar ta rasu, an yi jana'izarta, kuma gidan ma ba su san inda ɗanta yake ba. Muka yi ta'aziyya a zauren, kowa ya yi addu'a, alhali wanda ake yi wa ta'aziyyar ba ya ji.

Sai bayan an gama girbi wata baƙuwar lamba ta shigo. Muryar mai albasa ce, amma ta dushe. Ya ce an kama su a wurin aiki, an tsare su, daga baya aka zubar da su a hamada, kuma waɗanda suka kama su sun karɓe wayoyin kowa. Da ƙyar ya iso gida, ya tarar an daɗe da rufe tsohuwar. Wayar ƙanensa ya ara. Sa'an nan ya ce:

“Na san ni nic ce ku goge. Amma don Allah, ko akwai wanda yaƙ ƙi jin maganata? Ba ni jin haushi. Wallahi ba ni jin haushi.”

Ranar kowa ya juye wayarsa. Na bi hotunana ɗaya-ɗaya har na shekarar da ta wuce, ko da yake na san abin da na yi da hannuna. Madam ta sa ƴarta ta bincika mata. Baba ya ɗauki tasa wayar ya kai wa masu gyara a kasuwar Madawa, suka ce abin da aka goge tun bazara an riga an rubuta wasu a kansa. Ƴan biɗa da ke nesa suka riƙa amsowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da ba shi da shi. Mai kabu-kabu ne ya zo ƙarshe.

“Ni dut abin da anka hana ni sai na yi shi, kowa ya sani. Wanga guda ɗai nib bi. Ka yi haƙuri, ɗan'uwa.”

Mai albasa ya ce babu komai, Allah ya saka da alheri, mun riƙe amana.

Da aka yi hutun makaranta na hau mota zuwa Tama in yi masa gaisuwa, ni da ban taɓa ganinsa ido da ido ba. Na same shi a garka yana gyara fangali, ya rame ƙwarai. Ya shimfiɗa mini buhu a gindin mangwaro. Bayan mun yi addu'a ya ce yana tuna zanen da ta ɗaura ranar, yana tuna itacen ƙofar, amma fuskar tana guje masa. In ya rufe ido sai bayanta yake gani, domin shi ya fi sani.

“Malam, kai kana da tsara magana. Hwaɗa mani abin da kag gani.”

Na faɗa masa iyakar abin da na riƙe, a hankali, ba tare da na ƙara ko na rage ba. Na ce doguwar fuska ce, mai tsage a kumatu. Ya ce haka ne, irin na gidansu. Na ce mayafin ya zame, furfura ta fito ta gefen kallabi. Ya ce wannan ya manta, in sake faɗa. Na sake. Ya tambaye ni hannun da ta riƙe ƙofar da shi, na ce ina jin na dama ne, amma idon gaba na waya yana juya abu, saboda haka ba zan rantse ba. Ya tambaye ni ko akwai ɗan kunne, na ce ban tuna ba.

Ya ce, “Bakin nan da tab buɗe, murmushi na ko kuka za ta yi?”

Na ce ban sani ba. Na daɗe ina kallo ranar, ban iya rabewa ba.

Ya gyaɗa kai. Ya ce shi ma watanni ya yi yana dubawa, wata rana ya ga kamar wannan, wata rana kamar wancan, yana cewa in ya dawo zai sa ƙanwarsa ta bugi cikin tsohuwar ta ji.

Ruwa ya cika fangalin da ya buɗe, ya tashi ya toshe shi da laka ya buɗe na gaba. Na zauna ina kallonsa yana aiki har rana ta fara zafi. Da na miƙe ya raka ni bakin hanya, ya ce in gaida Baba da Madam da mai bakin nan na Urno, in gaya musu wayar da yake riƙe yanzu ba ta ɗaukar hoto, shi ya sa ba za su riƙa jinsa ba. Na ce za su ji. Mota ta tsaya, na shiga, shi kuma ya koma wajen ruwansa.